Dillaliyar Rubutu da Tsohon Mai Haƙar Kuza

Kwanakin baya wasu 'ya'yanmu suka zo gaishe ni a nan gida Kiru, cikinsu har da waɗanda suka gama jami'a. Muna cikin hira sai wata mai suna Nusaiba ta ce, "Hajiya, ni fa sana'arki nake sha'awa. Babu hura wuta, babu taka keken ɗinki. Ki karɓi rubutu a hannun wannan, ki miƙa wa wancan, ki ci la'adarki. Yanzu ma da waya ta zo, ko ƙofar gida ba sai kin leƙa ba." Sauran suka ce wallahi haka ne. Na yi dariya har sai da na ajiye kofin kunun da ke hannuna, na ce to ku gyara zama. Abin da na faɗa musu ranar shi zan maimaita a nan, don na san ba su kaɗai ke yi wa aikin nan kallon ɓagas ba.

Sunana Asabe. 'Yan boko suna ce mini wakiliyar marubuta, mutanen gari kuwa dillaliyar rubutu suke cewa, kuma nasu ya fi kwanta mini, don a dillanci na tashi. Goggona Hansai dillaliya ce ta atamfa da kwanuka, tana shiga gida-gida daga Kiru har ƙauyukan gefe. Da na gama makarantar horon malamai aiki bai samu da wuri ba, sai na riƙa binta ina ɗaukar mata ƙunshi.

A Yako aikina na farko ya same ni. Mun shiga gidan wani manomi da kayanmu, muka tarar da matan unguwa sun cika tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, wata kuma ta zauna a kan turmi tana karanta musu labari daga littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Talatu sunanta, matar gidan, kuma ita ta rubuta abin da take karantawa. Goggo ta shimfiɗa atamfofinta, ta yi gyaran murya, ta ɗaga wata mai ruwan ganye ta girgiza. Ko mutum ɗaya ba ta waiwayo ba. Sai da Talatu ta kai ƙarshen babi sannan aka amsa gaisuwarmu da kyau. A hanyar komawa Goggo ta ce, "Asabe, kayan da ya hana mata kallon atamfa ai shi ne kayan sayarwa."

Da muka koma gidan na tambayi Talatu ko tana so a buga labarin. Ta ce tana so, maigidanta ma ya amince, amma ita ba ta san kowa a birni ba, ga goyo ga aikin gona. Ta damƙa mini littattafan, na karɓa, alhali ni ma ban san inda ake kai su ba. Goggo ce ta ce in tafi Tudun Wada in nemi Malam Sale mai tafireta.

Malam Sale tsohon akawu ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, yana buga wa mutane takardu, kuma ya san masu maɗaba'a a Kano tun yana aiki. Shi ne mutum na farko a yankinmu da ya riƙa kai musu rubutun mutane. Na ɗauka ranar da na je zai ba ni suna da kwatance in wuce. Sai ya jawo wani tulin rubutu daga ƙarƙashin tebur ya ce in je in karanta in dawo. Da na dawo ya tambaye ni yaya na gani, na ce suna da daɗi.

Ya ce, "Daɗi ba mutum ba ne, Asabe. Daɗi ba ya zuwa kasuwa. Wa zai saya? Matar aure ce, ko ɗan makaranta, ko direban da ke jiran lodi?"

Ya ce in sake komawa. Haka muka yi ta yi, damina ta wuce, kaka ta shigo, ban taɓa tafiretarsa ba. Sai da na iya ɗaukar rubutu in ce wannan na wane ne, wannan kuma ba na kowa ba ne tukuna, sannan ya fara tafiya da ni birni.

A wajensa na koyi cewa masu buga littafi ba ɗaya suke ba. Wani labarin soyayya kawai yake so, mai kashi-kashi, don mai karatu ya dawo neman na biyu. Wani na makarantu yake bi. Wani ba ya taɓa komai sai littafin addini. Idan ka kai wa mai soyayya tarihin gari, ka ɓata lokacinka, ka kuma rage darajarka a idonsa, gobe ko da abin kirki ka zo ba zai buɗe ba. Ya koya mini in mun shiga shago kada in fito da rubutu sai an gama gaisuwa, an tambayi gida da amfanin gona, mai shagon da kansa ya ce me kuka zo mana da shi. Ya kuma kafa mini doka biyu. Ta farko, ba a miƙa wa kowa rubutu sai an bar kwafinsa a gida. Ta biyu ita ce wadda har yau nake ci da ita. Yana cewa, "Littafi gona ne. Aronta ake bayarwa a yi noman shekara, ba a sayar da ita."

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Jakar fata ce mai leda biyu a ciki, domin ruwan kudancin nan ba ya sallama, kuma tawada ba ta jure ko yayyafi. Sai takardar kabon, da jan biro, da ƙaramar rekoda mai cin batir kamar me. Yau an koma kwamfuta da waya da filashi, jakar ta yi sauƙi. Amma abin da ya fi aiki bai canja ba, kunne ne da haƙurin zama.

Littafin Talatu shi ya nuna mini ma'anar haƙurin zaman. Labarin wata ungozoma ne da wani mai gyaran injin ban-ruwa, kuma labari ne mai kama mutum. Matsalarsa ɗaya, kafin a kai ga haɗuwarsu sai an sha shafuka ana bayanin dangin kowa har kakan kaka. Na ja jan biro a gefe na koma Yako. Da ta ga jan ta ɓata fuska.

Ta ce, "Yaya Asabe, ai nan ne wurin da na fi wahala a kai."

Na ce, "Na sani. Amma ranar da kike karanta wa mata, daga ina kika fara?"

Ta yi dariya ta ce daga ranar da injin ya lalace. Ita da kanta ta yanke, ban taɓa mata kalma ba. Wannan ma ƙa'ida ce. Wakili yana nuna wuri, amma wuƙar a hannun mai rubutu take.

Wanda ya karɓi littafin wani mai maɗaba'a ne da ake kira Alhaji Uba, mutum mai fara'a da wayon kasuwa. Ya so ya saye shi ɗungurungum, ya ma kawo shawarar a sa wani suna a bango wanda zai fi jan hankali. Na ce sunan Talatu ne zai fito, kuma bugu ɗaya muka ba shi, in ya ƙare a sake zama. Ya ce ni sabuwar shiga ce amma na zo da taurin kai. Na ce a gida na gada. Muka yi ta ja har ya sa hannu. Daga nan muka yi shekaru muna aiki tare lafiya lau.

Bayan Talatu sai mutane suka fara nemana. Na riƙe wani hedimasta a Bebeji mai rubuta tatsuniyoyi da kacici-kacici na yara, wanda in ka ce a cire waƙafi ɗaya sai ya yi maka lacca. Shi wajen masu littattafan makaranta na kai shi. Na riƙe wani Bafulatani a wata ruga ta wajen Ɗansoshiya, wanda ya rubuta da ajami abin da ya sani na cututtukan shanu da yadda ake gane su tun da wuri. Ya ce lallai sunayen cututtukan su zauna da Fulatanci yadda makiyaya ke kiransu, muka sa Hausarsu a gefe, kuma ban kai shi ko'ina ba sai da likitan dabbobi ya duba. Wannan ɗan littafi ba a shagon littattafai ya yi kasuwa ba, a kara ya yi, ranar kasuwar shanu. Akwai masu waƙoƙi, akwai masu barkwanci, akwai wata da girke-girke kawai take rubutawa.

Akwai kuma waɗanda ba na karɓa. Wanda ya rubuta labari don ya rama wa maƙwabcinsa, ya canja suna amma duk gari ya san da wa ake, wannan ina mayar masa da abinsa. Wanda ya kwashe fim ya zuba a takarda, shi ma haka. Abin da ya shafi hukuncin addini kuwa ba na taɓawa sai malamai sun gani, don ba fannina ba ne. Ku da kuke ganin aikin karɓa da miƙawa ne, ku sani rabinsa cewa a'a ne, kuma ka faɗe ta yadda gobe in kun haɗu a wajen suna za ku gaisa.

Aikin da ya fi daɗewa a hannuna daga Riruwai ya zo. Wata ma'aikaciyar asibiti a Doguwa mai suna Lami ta aiko a kira ni. Ta ce, "Hajiya, mahaifinmu tsohon mai haƙar kuza ne. Kullum labarin rami yake yi, mu har mun gaji da ji. Amma yanzu tari ya kama shi, sai muka fara tsoron kada ya tafi da shi." Na ce ya rubuta ne? Ta ce ko sunansa ba ya rubutawa da boko.

Na shiga ƙaramar bas zuwa Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, daga Doguwa na hau acaɓa muka yi ta hawa cikin duwatsu. Na tarar da Baba Ɗanjuma a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, dogon tsoho mai manyan hannuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska. Amma da na fito da rekoda na ajiye a tabarma sai ya kalle ta ya kalle ni.

Ya ce, "'Yata, ni da mutane nake magana."

Na lallaba, ya ɗan faɗi garin da aka haife shi da sunan mahaifinsa, ya yi shiru. Na dawo gida hannu rabbana. A zuwa na gaba sai na roƙi Lami ta gayyato mini tsofaffin da suka yi aikin rami tare da shi, waɗanda suka rage. Na gaya musu duka cewa rekoda tana kunne, na ajiye ta a gefe, na jefa tambaya ɗaya: wane ne ya fi kowa iya wanke kuza a zamaninku? Shi ke nan. Gardama ta kaure. Wannan ya ce wane, wancan ya ce ƙarya ne, Baba Ɗanjuma ya miƙe zaune yana nuna yadda ake juya kwano a bakin rafi har yashi ya tafi, baƙar kuza ta kwanta a ƙasa. Ya manta da ni, ya manta da rekoda. Aikina ranar juya kaset ne kawai.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin yadda ya zo garin da ƙafa yana saurayi, neman abin biyan haraji, da niyyar komawa bayan rani, bai koma ba. Ya faɗi yadda barikin leburori yake, Bahaushe da Bagware da Babarbare da mutanen kudu suna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya iya zagi da yaren ɗan'uwansa kafin ya iya gaisuwa. Ya faɗi diga da shebur da kwanon sarki na ɗibar ƙasa, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi, da heluma, wato shugaban leburori, wanda ke gane malalaci daga sautin digarsa. Kuma duk wanda ya ambata sai ya faɗi sunansa da garinsu, ko da sau ɗaya mutumin ya fito a labarin. Na yi ta zuwa ina dawowa. Na zauna na juye kaset-kaset ɗin a takarda, na jera su daga farko zuwa ƙarshe, na koma na karanta masa ya ji, ya ce haka ne.

Na kai wa Alhaji Uba. Ya riƙe shi mako guda, da na koma ya ce, "Hajiya, rubutu ya yi kyau. Amma ina yarinyar?"

Na ce, "Wace yarinya, Alhaji?"

Ya ce, "Littafi guda babu yarinya? Ku sa masa 'yar mai tuwon bariki, su so juna, heluma ya shiga tsakani. Sannan waɗannan sunaye barkatai a rage su, suna gajiyar da mai karatu."

Na san Baba ba zai yarda ba, amma dillali ba ya ɓoye wa mai kaya tayin da aka yi, ko da tayin bai yi masa ba. Na hau har Riruwai na faɗa masa yadda aka ce. Ya yi tari, ya sha ruwa, ya ce, "Ki gaida Alhaji. Ki gaya masa mu a cikin rami ba mu ga yarinya ba, duhu muka gani da ruwa. Sunaye kuwa, in an cire su to a bar littafin, don su na yi maganar." Na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce tsohon nan ya burge shi, zai buga yadda yake, amma sai bayan kaka.

Kafin kakar ta zo shekarar nan mai wuya ta faɗo mana. Takarda ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, tawada ta bi ta. A lokaci guda masu karatu suka koma waya. Ana ɗaukar littafin da aka sha wahala a kai, wani ya zauna ya kwafe shi ya watsa a zaurukan waya, babu izini, wani lokaci ko sunan mai shi babu. Talatu da kanta ta ga labarinta yana yawo da sunan wata. Ranar da na je wajen Alhaji Uba na tarar an lulluɓe injin buga littafin da tamfol, an jera caja da murfin waya a kan kantar da littattafai suke. Ya miƙo mini rubutun Baba Ɗanjuma da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri, abin ya fi ƙarfinsa. Malam Sale kuwa Allah ya riga ya yi masa rasuwa, babu wanda zan je in tambaya.

Na bi marubutana ɗaya bayan ɗaya na gaya musu halin da ake ciki. Wanda ya ce in dawo masa da rubutunsa na kai masa har gida, hannu da hannu. Na koma ɗaukar atamfa, na kuma mai da hankali kan 'yar gonar masarata. Na Baba ne kawai ban mayar ba, don Lami ta ce kada in yi. Takan kira ni ta ce, "Hajiya, jikin fa sai a hankali. Duk wanda ya yi sallama sai ya tambaya ko ke ce." Na zaga da rubutun nan maɗaba'u iya waɗanda na sani da waɗanda aka kwatanta mini. Mai kirki ya ce in dawo baɗi. Wani ko zama bai ce in yi ba.

Wata rana ina dawowa daga irin wannan yawo, direban bas ɗinmu ya kama wata tasha da ake karanta littafi a rediyo. Motar da ake ta surutu sai ta yi tsit. Da muka iso Kwanar Dangora akwai wani dattijo da zai sauka, kwandasta ya buɗe ƙofa, dattijon ya ce a ɗan dakata masa a ƙarasa wurin nan. Babu wanda ya yi ƙorafi, har direban. Ina zaune a kujerar baya na ce a raina, ashe masu karatu ba su mutu ba, wuri suka canja.

Washegari na koma birni, wannan karon da kaset a jaka. Na nemi matar da ke kula da shirin, Hajiya Binta. Ta karɓe ni da mutunci, amma ta ce masu sauraronta soyayya suka saba da ita, tarihin leburori zai sa su canja tasha. Na ce ba gardama na zo yi ba, ta ba ni aron kunnenta kaɗan. Na kunna mata wurin da Baba ke ba da labarin ranar da ruwa ya fashe musu a cikin rami. Fitilu suka mutu, ruwa ya kai ƙirji, ba wanda ya san ina ne mafita. Wani Bagware a cikinsu ya ce kowa ya kama ɗamarar na gabansa, shi kuma ya ɗauki waƙar da suke yi in suna jan kaya, waɗanda ke waje suka ji suka amsa, suka yi ta bin amon amshin cikin duhu. A kaset ɗin Baba ya rera waƙar da tsohuwar muryarsa, tari na katse shi. A daidai nan na kashe.

Hajiya Binta ta ce, "A'a, me ya sa kika kashe? Sun fita?"

Na ce, "Mai maganar dai yana Riruwai yana shan kununsa. Sauran kuwa yana cikin littafi."

Muka zauna muka yi yarjejeniya. Za a karanta shi kashi-kashi, ana sako muryar Baba a tsakani. Za a ambaci sunansa a farkon kowane shiri da ƙarshensa. Ba za su ba kowa rubutun ko kaset ɗin ba, kuma littafin yana nan na mai shi.

Abin da ya biyo baya ban yi tsammaninsa ba. Mutane suka riƙa bugo waya gidan rediyon, kuma yawancinsu saboda sunayen nan ne. Wata mata ta kira daga nesa ta ce wanda aka ambata mai ɗaukar waƙar nan kakanta ne, ba su taɓa sanin abin da ya yi ba, sun dai san ya yi aikin kuza. Wani ya ce ya ji sunan mahaifinsa da na ƙauyensu, yana so ya san ko akwai hoto. 'Yan asalin Riruwai mazauna birni suka haɗu suka ce in za a buga kowa zai ɗauki nasa da na danginsa. Da na je wa wani mai ƙaramar maɗaba'a da wannan magana, bai ce in dawo baɗi ba.

Daga wannan aiki sana'ata ta sake tashi, da wata kama. Yanzu littafi ɗaya ina iya nema masa gida uku: takarda, da murya, da masu zaurukan waya na gaskiya waɗanda ke neman izini su kuma ba marubuci haƙƙinsa. Wani lokaci masu shirya fim ma su zo. Kowanne da irin yarjejeniyarsa, kuma kowanne sai ka karanta ta da idon basira, don a layi ɗaya ake raba mutum da abinsa. Talatu tana nan tana rubutu, yanzu da jikoki a gefe, kuma har gobe muna ja-in-ja a kan farkon labari. Abin ya riƙe ni, alhamdu lillahi. Na yi aikin Hajji da shi, na aurar da 'ya'ya da shi, kuma babu garin da zan shiga daga Bebeji zuwa Doguwa in rasa gidan da za a shimfiɗa mini tabarma.

Ranar da na kai wa Baba Ɗanjuma littafinsa da hantsi ne, an kwana ana ruwa. Muka naɗe kwalin da leda muka ɗaure a bayan acaɓa, a wurare biyu sai da na sauka na taka saboda laka. Na same shi a kwance a ɗaki. Lami da ƙaninta suka tallafo shi zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Na buɗe kwalin na ɗauko ɗaya na sa masa a hannu. Ya daɗe yana kallon hotonsa a bango.

Ya ce, "Wannan tsohon kuma fa? Ba ku samu na lokacin da nake da haƙora ba?"

Aka yi dariya. Ya ce in karanta masa. Na ce daga ina, Baba? Ya ce ko'ina, ai duk nasa ne. Na buɗe tsakiya na fara. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya ce ramin nan yana gabas da rafi?"

Na ce, "Kai ka faɗa, Baba. Yana cikin kaset."

Ya ce, "To na yi kuskure. Yamma ne. A gyara."

Muka gyara a bugu na biyu, kuma Allah ya nufa ya riƙe shi ma a hannunsa. Ya ƙara ganin damina bayan nan. Lami ta ce duk baƙon da ya zo gaishe shi, in dai ya iya karatu, ba ya tashi sai ya karanta masa shafi.

Da ya rasu na je ta'aziyya. Bayan an yi addu'a ina shirin neman abin hawa, sai wani tsoho mai sanda ya tare ni a ƙofar gida. Baba Istifanus ne, ɗaya daga cikin abokan aikinsa, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a bariki tun suna samari. Idonsa ya yi ja. Ya riƙe sandarsa da hannu biyu ya ce, "'Yata, Allah ya jiƙan Ɗanjuma, mutumin kirki ne. Amma jikana ya karanta mini littafin nan kaf, kuma akwai wuraren da ya ƙara gishiri. Ni ina wurin. Yaushe za ki zo ki ji nawa?"

Na ce, "Ranar kasuwa mai zuwa, Baba, in Allah ya kai mu."

Ya ce, "To ki zo da wuri. Nawa ya fi nasa tsawo."